Shekarar da Na Kira Gayya da Takarda

Bana ƙafafuna sun ajiye aiki. Ba su yi shawara da ni ba. Ran da aka yi ruwan shuka na tashi na ce mu je gona, suka ce in je ni kaɗai. Tun daga nan nake zaune a zaure, ina gadin Tungar Marke ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Kafin hantsi ya ɗaga babura sun gama ficewa, masu goye da tankin feshi sun bi bayansu, gari ya yi tsit har in ji tattabara tana taka rufin kwano. Na san wannan shirun. Karo na biyu ke nan da nake zama a cikinsa, kuma na farkon ya fi nauyi, don a lokacin ina da ƙarfin jin haushi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mu dai labarinsa muka ji a bakin masu dawowa daga kasuwar Tambuwal, muka ce madalla, muka koma ga abin da muke yi. Garin bai wuce gida ashirin ba, duk danni da bunu. Hanya sai turbar jakai. Rijiya ɗaya ce, ita ma da rani sai an kwana biyu ana lallashinta kafin ta cika guga, saboda haka da ruwa ya sauka kowa tafki yake komawa, mu sha, shanu su sha, a yi wanki a gefe. Ashana abin maigari ce. In wutarki ta mutu, ki ɗauki kasko ki bi gida gida har ki sami mai garwashi. Fitila aci-balbal ce, man gyaɗa da tsumma, kuma mai hankali ba ya kunna ta don hira. Ɗakin shan magani yana Tambuwal, tafiyar rabin yini a kan jaki mai lafiya, ga wanda shi ma yake da lafiyar hawa.

Ni kuwa ni ne ilimin garin. An ce kowane ƙauye ya ba da yaro ɗaya a kai elementare, masu wayo suka ɓoye nasu a rumbu, aka tarar da ni ina cin kanya a bakin hanya. Shekara uku na yi. Na dawo da karatu da rubutu, da alƙalami mai maƙalawa a aljihu, da wata irin tafiya da na koya wajen malamai. Mutane suka sa mini Akawu. Ban taɓa riƙe ofis ba, amma sunan ya zauna, ni ma na zauna a kansa. Duk takardar da ta shigo garin ni ke karanta ta, duk wadda za ta fita ni ke rubuta ta, kuma na ɗauka wannan ya sallame ni daga sauran wahalhalun duniya.

Cikinsu har da gayya. A wurinmu ga yadda ake kiranta: mai gona ya tafi da ƙafarsa wurin Sarkin Noma, ya durƙusa, ya ajiye goro, ya faɗi gonarsa da ranar da yake so. Sarkin Noma ya sa makaɗi ya zaga gari. Ranar, mai gona ya ciyar, mutane su nome. Ba a rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, amma kowa na riƙe da shi a ka. Muddin mahaifina yana da rai shi ke zuwa da sunan gidanmu, ni in an buga ganga sai in taɓa alƙalamina in ce akwai wasiƙa. Da ya rasu ban canja hali ba. Damina guda cur aka yi gayya bakwai ko takwas, ba a ga kalmena, fartanyar nomana, a ko ɗaya ba.

Gidanmu kuma ba cikin gari yake ba. Ƙetaren ƙorama yake, shi kaɗai, don kakana ba ya son hayaniya kuma ya bar mana gadon ra'ayinsa. Yayana ya tafi cin rani Kurmi shekara uku kafin nan, bai dawo ba. Sai ni da matata Kulu, wadda aka kawo mini daga wajen Kebbe da kakar da ta wuce. Ba ta da kowa a garin. Ta san hanyar tafki, ta san hanyar dawowa, ta san gida biyu da ake ɗiban wuta. Ba ta da yawan magana, ni kuma na ɗauka hakan girmama ilimi ne.

Shuka ta yi kyau a shekarar. Gero ya tsiro layi layi, har na fara noman fari, na ci kamar kunya ashirin daga gefen fadama. Sai idon sawuna na dama ya fara ƙaiƙayi. Kwana biyu ya yi ƙurji, kwana uku ya zama garwashi. Kurkunu. Yaran yanzu ba su san shi ba, kuma ba na yi musu fatan sani. Farar tsutsa ce kamar zare, ta leƙo daga jikinka, a kama kanta a naɗe a tsinke, kullum a ɗan murza kaɗan, ita ke da ikon ranar da za ta gama fita. Wanzami ya zo ya duba ya ce kada in ja. Ni da na yi aji uku na ga babu dalilin da tsutsa za ta riƙa ba ni umarni. Na ja. Ta tsinke a ciki. Kafin kwana biyu ƙafar ta yi kamar taɓarya ta haɗiye turmi, aka dawo da wanzamin ya yi mini sakiya da ƙarfe mai zafi, na kira sunan mahaifiyata da ta rasu tun ina goye.

A makon farko an zo gaisuwa. Taubashina Arzika ya zo, ya dubi ƙafar ya ce ashe tsutsa ba ta san Akawu ba. Daga nan ruwa ya zauna, ƙorama ta kawo, kowa ya duƙufa a gonarsa daga asuba zuwa la'asar, kuma ba ni kaɗai kurkunu ya kwantar ba a garin. Sai ƙafa ta ɗauke. In Kulu ta tafi tafki, ba ni da abokin hira sai ƙuda da ɗigon da ke sauka daga jinka cikin ƙwarya. Daga bakin ɗaki ina hango gonar. Kullum korenta na ƙaruwa, kuma na san ba geron ne ke ƙaruwa ba. Harkiya ce da gude-gude. Geron da ba a yi masa noman fari a kan kari ba ya kan tsaya ya yi rawaya, ya sirance, ko an nome shi daga baya ba ya manta abin da aka yi masa. Gonar nan ita ce abincinmu na shekara, ba mu da wata.

Kulu ce ta fara ambaton gayya. Ta ce a garinsu in mutum ya kwanta, wani dattijo ake nema ya kai goro a madadinsa. Na ce na sani. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, ban ga dattijon da zan kalla in roƙa ba tare da ya tuna mini gayya takwas ba. Baki yana jin kunya, takarda ba ta ji. Na yago shafi daga littafina, na rubuta: zuwa ga Sarkin Noma, bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da kai cewa za a yi gayya a gonata ran Alhamis. Sanarwa fa, ba roƙo ba. Na sa hannu har da ƙawa a ƙarƙashi. Lissafina shi ne zai kira Arzika ya karanta masa, don Arzika ya yi rani biyu a ajin yaƙi da jahilci, yana iya bin harufa in ba a hanzarta shi ba. Goro kuwa babu a gidan, na kuma ce a raina takarda ta fi goro daraja, ai an ci gaba.

Na ba Inno, Bafillatanar da ke biyowa ta ƙofarmu da nono kafin ta ƙetare zuwa cikin gari. Rugarsu tana can kan hanyar Tambuwal. Na ce ta ba Sarkin Noma hannu da hannu. Ta soke ta a gammo ta wuce.

Dami huɗu suka rage mana a rumbu, su ne za su ja mu zuwa sabon gero in an yi tsimi. Na ce a sauke uku. Kulu ta tambaya ko a kira matan gari su taya ta daka, kamar yadda ake yi. Na ce takarda ta ƙunshi komai, za su zo da kansu. Ba su zo ba, sai ta fara ita kaɗai. Kwana biyu ina kwance ina jin taɓarya ɗaya. Wanda ya saba jin dakan gayya, mata shida a turmi uku ana luguden da ke sa mutum kaɗa kai, ya san yadda taɓarya ɗaya ke sauka, ta yi shiru, ta sake sauka. Ta yi sussuka, ta yi sheƙa, ta yi surfe, ta niƙa a dutse har gwiwoyinta suka saɓule. Ran Alhamis kafin rana ta fito akwai fura a manyan ƙorai biyu, tuwo a tukwane uku, miyar lalo a ta huɗu.

Na ja jiki zuwa bakin zaure, na sa farar rigata, na maƙala alƙalami. Ina sauraren ganga. Hantsi ya yi, ƙasa ta fara fitar da tururi, gumi na bin bayana. Na ce ƙorama ce ta tsare su. Rana ta take, ƙuda suka gano tuwon. Na ce sai sun yi azahar. Can wajen la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta kwantar da ciyawar gonata gaba ɗaya kamar ana shafa bayan dabba, ruwa ya sauko, Kulu ta yi ta jigilar tukwane zuwa ɗaki. Da ta ajiye ta ƙarshe ta tsaya, ruwa na zuba daga kallabinta.

“Malam, in zuba maka?”

Na ce ba na jin yunwa. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na yi mata, kuma ba ta yarda ba.

Washegari na tare Inno na tambaye ta. Ta ce ta ba Sarkin Noma takardar a hannunsa, ya karɓa, ya sa a hula. To magana ta ƙare. An karɓa, an sani, an ƙi. Na ce gari ya biya ni da mudun da na auna masa, na kuma yanke cewa ba zan bari kowa ya ga ta dame ni ba.

Furar muka sha kwana uku har ta yi tsamin da ke kama muƙamuƙi, sauran Inno ta kai wa maruƙa. Tuwon Kulu ta gutsuttsura ta shanya a faifai, amma ranar damina ba ta da alkawari, rabi ya bushe rabi ya yi fumfuna. Busasshen muka riƙa jiƙawa. Daga nan sai tafasa da rama, a dafa a matse a sa gishiri, ciki ya cika ya yi ta ƙugi kamar ba a ba shi komai ba. Dami ɗayan nan ba mu taɓa shi ba, kallonsa muke yi. Na lura Kulu tana daɗewa in ta tafi tafki. Ashe kalmena take ɗauka ta ɓoye a zane, ta nome kunya ɗaya ko biyu ta dawo. Kunya biyu a gonar da jaki ke gajiya kafin ya zaga ta. Ta roƙe ni ta je gidan Sarkin Noma ta tambayi matarsa ko wani abu ya faru. Na hana. Na ce matar Akawu ba ta bara.

Rana ɗaya Arzika ya biyo, ya ɗaga murya ta bayan danni yana tambaya ko ofis a buɗe yake. Na yi wa Kulu alama ta ce ina barci. Na ji ya ɗan tsaya, ya yi gyaran murya, sannan sawunsa ya yi nisa. Na juya fuskata ga bango ina ganin na yi nasara.

Da Alhamis ta zagayo, da hantsi, aka yi sallama da muryoyi uku. Sarkin Noma ne, da liman, da wani dattijo ƙanin maigari, wandunansu a naɗe, jiƙe har cinya. Fuskokinsu kamar masu zuwa ta'aziyya. Bayan an gaisa an duba ƙafa, Sarkin Noma ya cire hula ya fiddo takarda, ta yi laushi don gumi. Ya yi bayani a hankali. Ya ce mai nono ce ta kawo ta daga wajen hanyar Tambuwal, an ce hannu da hannu. Ya ce shi a rayuwarsa takardar boko ba ta taɓa zuwa da alheri ba, ko a ɗebi mutane aikin hanya, ko sammaci, ko a zo ɗaukar yara. Ya duba ya ga in aka karanta ta, ta zama dole, in kuwa ba a karanta ba, ba a ji ba. Mutane na tsakiyar noman fari. Shi ya sa ya ajiye ta a kansa bai gaya wa ko matarsa ba, sai jiya da aka sauke kalme ya kai wa liman. Arzika kuwa, ya ce, ba a ba shi takardar hukuma, kada ya karanta rabi ya ƙarasa da ka.

“Ga ta, Akawu. Duba muna. Ko mi ag ga ciki, mun shirya.”

Na warware ta. Ga rubutuna, ga ƙawar da na yi wa sa hannuna. Zan faɗi gaskiya tunda duk sun riga ni barin duniya: Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Ba wanda zai iya ƙaryata ni a cikin ukun nan. Ina iya cewa sanarwar lambar rigakafi ce kuma ranar ta wuce, su tafi suna godiya, mutuncina ya tsira. Har ma ya raɗa mini in ce hukuma ta ba da umarni a nome gonar Akawu cikin gaggawa. Na buɗe baki ke nan na ji Kulu a bayan zana ta daina tankaɗen da take yi. Faifan ne kawai ya tsaya.

Na ce, “Ni na rubuta ta, Baba. Gayya nika kira. Ta ran Alhamis wadda ta wuce.”

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Liman ya dubi ƙasa. Sarkin Noma ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya ko an yi abinci. Na ce dami uku. Ya tambaya wa ya daka. Na ce ita kaɗai. Ya mai da hularsa a hankali, ya ce:

“Kurkunun har bakinka yak kama? Da goro biyu ka aiko ba magana, da na gane.”

Ya tashi ya tafi gonar shi kaɗai. Muna zaune har ya dawo da ciyawa maƙale a wando. Ya ce ta tudu ta tafi, kada in sa rai. Ta gangare in an shiga jibi ana iya ceto ta. Na ce ba ni da abin ciyarwa, dami ɗaya ne a rumbu. Ya ce abinci an riga an yi shi, rashin masu ci ba laifin mai dahuwa ba ne, kowa zai zo da gorarsa. Amma ya ce shi har yanzu ba a kira shi gayya ba. Ya zauna ya miƙe ƙafa yana jira.

Liman ya laluba aljihu ya fiddo goro ɗaya, ɗan ƙanƙane, ya fara yaushi, ya miƙo mini. Durƙuso ba ya yiwuwa da wannan ƙafa, sai na sunkuya iyakar iyawata, na ajiye goron a gaban Sarkin Noma. Na faɗi gonata, na faɗi rana, na ce ina roƙo. Ya ce bai ji na ƙarshen ba. Na sake faɗa.

Ran Asabar Arzika ya zo da jakinsa ya ɗora ni kamar buhun gawayi, duk hanya yana tambaya ko in rubuta wa jakin takarda don ya san inda za shi. Aka ajiye ni gindin marke. Ganga ta tashi, mutum goma sha tara suka jera, na ga bayansu yana nisa, baƙar ƙasa tana buɗewa a inda suka wuce, geron na fitowa siriri kamar wanda ya tashi daga jinya. Da rana ta take kowa ya zauna ya kwance gorarsa, a gonata, ni mai gayya ina zaune hannu wofi. Ba a taɓa yin haka a garin ba. Kulu ta kawo tulun ruwa ta ajiye nesa ta juya. Sarkin Noma ya ce kada wanda ya taɓa furarsa sai ya fara shan ruwan nan, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka sha.

Ƙafar ta saki kafin maimai, wato noma na biyu, na yi shi da kaina ina ɗingishi, na kuma je gayya uku da suka rage a shekarar, inda aka yi ta ba ni kunyar da ta fi kowace tsawo. Da kaka muka ɗaure abin da gangare ya ba mu. Kulu ta dubi rumbun, ta dube ni. Ba sai an yi aji uku ba, abincin baki ɗaya ne zuwa wata damina. Saboda haka da masu cin rani suka ɗaura kaya, na ɗaura nawa, ni da ban taɓa wuce Tambuwal ba.

Ta raka ni har ƙorama, wadda a lokacin ta koma yashi. Na ce zan riƙa aiko mata da labari. Ta gyara mini igiyar gora a kafaɗa, ba ta ɗago kai ba.

“In za ka aiko, Malam, ka nemi mutum mai baki.”

Na ƙetare. Da na hau tudu na waiga, tana nan tsaye a cikin yashin, gidan yana bayanta ba kowa a ciki. Wata biyar na yi ban sami mai zuwa wajenmu ba.